Labarin Siliman Kaboyi da Mutanen da Ba Ta Nuna Ba

A cikin shekara ta 1937 aka buɗe gidan silima na farko a Kano, wanda a ke kira Rex. Kwarori ne suka gina shi, watau mutanen Lebanon, a can bayan ganuwa wajen Sabon Gari. Ba shi da rufi, fili ne kawai aka kewaye da bango, aka jera kujeru da bencuna, saboda haka ba a fara wasa sai duhu ya yi. Silima kuwa dabam ta ke da majigi. Majigi na Gwamnati ne, mota ce ta kan zo ƙofar fadar hakimi a kafa farin ƙyalle, a nuna wa jama'a tsabta da noman gyaɗa da auduga, ba a biyan ko anini. Silima ta 'yan kasuwa ce, sai da kuɗi a ke shiga, ba ta kuma zo don ta koya wa kowa kome ba. Malamai da dattawa ba su yi murna da ita ba, har waɗansu suka laƙaba mata suna dodon bango. Sa'ad da gidan siliman El Duniya ya kama wuta a watan Mayu na 1951, mutum 331 suka hallaka, mutane da yawa a cikin birni suka ce ai ga abin da a ke gudu nan. Duk da haka ba a daɗe ba aka gina Palace a cikin birnin kansa, daura da Kasuwar Kurmi, samari kuwa ba su fasa zuwa ba.

Cikin hotunan da a ke kawowa a wannan zamani, akwai na Ingila, akwai na Masar, daga baya na Indiya suka shigo suka mamaye wurin. Amma kafin Indiya ta yi ƙarfi, babu abin da ya kai na kaboyi cika gida. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutum ba ya bukatar Ingilishi kafin ya gane sukuwa da dambe da harbi. Bahaushe kuma ma'abucin doki ne tun kaka da kakanni, ya san sirdi da likkafa da linzami, ya san mahayin kirki in ya gan shi. Da a ka nuna masa mutum ya diro daga soro ya faɗa bisa doki ya zabura, sai gida ya kaure da sowa. 'Yan kallo suka raba mutanen bango gida biyu: akwai akta, shi ne jarumin da ba ya mutuwa, akwai kuma bos, shi ne mugun da za a kashe a ƙarshe. Sunayen irin su John Wayne da Gary Cooper da Roy Rogers suka shiga bakin yaran da ba su taɓa zuwa ko Ikko ba, balle Amurka.

Labarin kusan guda ne kullum. Turawa talakawa sun ɗora iyalinsu a kan amalanken dawaki, suna neman ƙasar noma a yammacin Amurka. Suna cikin tafiya sai a ga mahaya sun jeru bisa tsauni, da gashin tsuntsu a ka, fuska shafe da launi. Su sauko da kururuwa, su yi ta kewaya ayarin, ana harbe su suna faɗuwa kamar ƙwari. In harsashi ya kusa ƙarewa, sai a ji begila daga nesa, sojan doki masu shuɗin kaya sun iso. Waɗannan mahaya su Hausawa suka sa wa suna Indiyawan daji, sunan kuwa shi kaɗai ya isa ya nuna darasin da aka ɗauko daga bango. Ba Indiyawa ba ne, kuskuren Columbus ne da ya sauka a 1492 yana zaton ya isa Indiya. Ba kuma mutanen daji ba ne, su ne masu ƙasar.

To, shi kaboyin na gaskiya wane ne? Makiyayi ne na haya, ba wani abu ba. Bayan da aka gama yaƙin basasar Amurka a 1865, shanu sun yi yawa a jihar Taksas har sun rasa daraja, alhali biranen gabas suna neman nama. Sai fatake suka riƙa tara garke na shanu 2,000 ko 3,000, su ɗauki samari kamar 10 ko 12, a kora su arewa zuwa tashar jirgin ƙasa a jihar Kansas. Tafiyar wata 2 ce ko 3, a kan yi mil 10 zuwa 15 a yini don kada dabbobin su rame. Ladan yaro kamar dala 30 ne a wata. Duk wanda ya san masu koren shanu daga Kano zuwa Kurmi kafin zuwan manyan motoci, ya san wannan aiki: ƙura, da ƙishirwa, da ƙetaren kogi, da rashin barci don kada garke ya firgita da dare. Bindiga ba ta cikin manyan kayan aikin, waɗansu masu shanu ma sun hana yaransu ɗaukarta. Zamanin duka bai wuce shekara 20 ba, daga 1866 zuwa wajen 1886, sa'an nan hanyar jirgi da waya mai ƙaya suka kashe shi. Babbar hanyar da a ke bi zuwa garin Abilene kuwa sunan wani falke ta ci, Jesse Chisholm, wanda uwarsa 'yar ƙabilar Cherokee ce.

Sana'ar ma ba ta Turawan Ingila ba ce tun asali. Mutanen Sifen ne suka kai dawaki da shanu ƙasar Meziko a ƙarni na 16, barorinsu kuwa, waɗanda yawancinsu 'yan ƙasa ne da barbarar yanyawa da baƙar fata, su suka ƙware da kiwo bisa doki da jefa igiya. Taksas ƙasar Meziko ce har 1836, Kalifoniya da maƙwabtanta kuma har 1848. Da baƙi suka zo, a wurin waɗannan mutane suka koyi sirdi mai ƙaho, da faffaɗar malafa, da wandon fata, da zarge saniya tana gudu. In an bi saiwar abin can ƙasa ma, sai a tarar ta ratsa ta Afirka. Dawakin Sifen suna da jinin dawakin Barbar na Magrib, irin waɗanda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da su zuwa Borno da Kano da Katsina. Kalmar da mutanen Sifen ke kiran gwanin hawa da ita daga sunan ƙabilar Zanata ta fito. Sunan bulon ƙasa da a ke gina gidajen cikin fim ɗin da shi, adobe, daga Larabci ya ke, kunnen Bahaushe ba zai rasa jin tubali a cikinsa ba. Amma da aka zo yin silima, sai aka mai da mutumin Meziko ɗan fashi mai ƙazamin gemu da haƙorin zinari, ko kuwa matsoracin manomi mai jiran Bature ya cece shi. A cikin The Magnificent Seven na 1960 an haɗa duka biyun, shugaban 'yan fashin ma wani ɗan Niyok ne, Eli Wallach, aka shafa wa launi.

Zancen baƙar fata ya fi wannan ban mamaki. A ƙidayar 1860 bayi sun haura 180,000 a Taksas, watau kusan mutum 3 cikin kowane 10, da yawansu kuwa kiwon iyayengijinsu su ke yi. Da aka 'yanta su sai suka shiga koren shanu, don aiki ne da ba a cika tambayar launin mutum ba muddin ya iya zama bisa doki. Masana tarihi da yawa sun ƙiyasta cewa kaboyi 1 cikin 4 baƙi ne, waɗansu sun ce bai kai haka ba, amma babu mai musun cewa dubbai ne. Wani malamin jami'ar Louisiana, Andrew Sluyter, ya rubuta littafi a 2012 yana nuna cewa bayin da aka kwaso daga ƙasashen makiyaya na Senegal da Gambiya sun sa hannu ƙwarai wajen kafa wannan irin kiwo a nahiyar. An san sunayen waɗansu. Akwai Nat Love, wanda ya buga labarin rayuwarsa a 1907. Akwai Bill Pickett, wanda ya ƙago wasan dirowa daga doki a kama bijimi ta ƙaho a kayar. Akwai Bass Reeves, bawa ne da, ya zama ɗan sandan doki a 1875, ya yi shekara 32 yana aiki, an ce ya kama masu laifi wajen 3,000. Gwamnati kuma ta kafa rundunonin doki 2 na baƙar fata a 1866, ta 9 da ta 10. Abin da ya kamata a faɗa shi ne, su ma an tura su yaƙar masu ƙasar, saboda haka begilar nan da a ke ji daga nesa, sau da yawa baƙin mutum ne ke busa ta.

Duk waɗannan silima ta share su. Misali mafi kyau shi ne The Searchers na John Ford, na 1956, wanda gwanayen sana'ar har yau su ke lissafawa cikin hotuna mafi girma da aka taɓa yi. Labarin mutum ne da ya yi shekaru yana neman yarinyar gidansu da mayaƙan Comanche suka sace. Cikin mutanen gaske da marubucin labarin ya bincika, akwai Britt Johnson, baƙin mutum, wanda aka kashe ɗansa aka tafi da matarsa da 'ya'yansa a wani hari a 1864, ya bi sawu har aka fanso su. A bango kuwa John Wayne aka gani. Baƙaƙen Amurka sun yi ƙoƙarin yin nasu. Wani mawaƙi, Herb Jeffries, ya fito kaboyi a Harlem on the Prairie a 1937 da The Bronze Buckaroo a 1939, amma da ɗan kuɗi kaɗan aka yi su, a gidajen siliman baƙar fata a ke nuna su, ba su shiga akwatunan da manyan kamfanoni ke aikowa Afirka ba. Sai a 1960 Ford ɗin nan ya ba Woody Strode babban matsayi a Sergeant Rutledge, labarin sajen baƙi da aka yi wa ƙazafi. Ko a nan, a takardun talla sunan Turawa aka sa a sama.

Ba lalle ne a ce kowane mai shirya fim mugu ba ne. Maganar ta ciniki ce. A jihohin kudancin Amurka doka ta raba fari da baƙi a makaranta da mota da gidan kallo har 1964, masu gidajen silima na can kuwa ba su karɓar hoton da ya nuna baƙi yana ba Bature umurni, ko yana harbinsa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Kamfanonin Holiwud kuma sun kafa wa kansu ƙa'idodi a 1930, suka tsananta su daga 1934, ciki har da hana nuna soyayya tsakanin fari da baƙi, ba a cire wannan sharaɗi ba sai 1956.

Masu ƙasar su ba a share su ba, an nuna su, amma gara a ce an ɓoye su da irin nunin da aka yi musu. Ƙabilu ne ɗaruruwa, harsunansu sun bambanta kamar yadda Hausa ta bambanta da Yarbanci. Akwai manoman masara masu garuruwan soro irin Hopi da Zuni, akwai masunta, akwai makiyayan tumaki irin Navajo, akwai Cherokee waɗanda suka ƙago rubutunsu suka buga jarida tun 1828, kafin a kore su daga ƙasarsu. Silima ta ɗauki kayan ƙabilun fili kawai, hular gashin gaggafa da bukkar fata, ta yafa wa kowa. Wannan ado ya samo asali ne daga wasan dawaki na Buffalo Bill, wanda ya fara yawo da shi a 1883, har ya kai shi gaban Sarauniya Victoria a Landan a 1887. Zaren nan da a ke ɗaura musu a goshi ma, amfaninsa a wurin masu fim shi ne ya riƙe gashin aro kada ya faɗi in ana sukuwa. A wani fim na 1939, da aka rasa harshen da za a sa a bakinsu, sai aka ɗauki maganar Ingilishi aka juya ta baibai.

Harin ayari da ya zama gishirin kowane fim, wani masani mai suna John Unruh ya zauna ya ƙirga shi. Ya sami cewa daga 1840 zuwa 1860, cikin dubban ɗaruruwan da suka ratsa, mutum 362 masu ƙasar suka kashe, su kuwa matafiyan sun kashe masu ƙasa 426. Kwalara da haɗarin hanya sun ci rayuka fiye da haka nesa ba kusa ba. Sau da yawa ma masu ƙasar ne ke nuna hanya, su ƙetarar da ayari a kogi, su sayar musu da abinci. Yaƙi dai an yi shi, an kuma yi ta'asa ta kowane gefe, amma wanda aka ƙwace wa ƙasa sananne ne. A Sand Creek a 1864 da Wounded Knee a watan Disamba na 1890, sojoji ne suka karkashe mata da yara. Kafin 1900 masu ƙasar da suka rage a Amurka ba su kai 250,000 ba.

Manyan matsayi kuwa ba a ba su. Sarkin Comanche na cikin The Searchers Bajamushe ne, Henry Brandon, mai shuɗin ido. Burt Lancaster ya fito Apache a 1954, Chuck Connors ya fito Geronimo a 1962. Akwai ma wani da ya yi suna ƙwarai, Iron Eyes Cody, ya fito a hotuna fiye da 100, yana yawo da kitso da rigar fata har a gida, ashe iyayensa daga Italiya suka zo, bai kuwa amsa ba har ya mutu a 1999. 'Yan ƙasa na gaske a baya a ke jera su, aikinsu su yi kururuwa su faɗo daga doki. Tun daga Stagecoach na 1939, Ford ya riƙa ɗaukar hotunansa a Monument Valley, ƙasar Navajo, yana ɗaukar Navajo su fito Apache yau, gobe Comanche, jibi Cheyenne. Su kuwa sun yi maraba da kuɗin, don lokacin talauci ne mai tsanani, sun kuma riƙe shi aboki. Amma sun sami hanyar ramuwa. Tun da babu Baturen da ke jin harshensu a wurin, in aka ce su yi jawabin sarauta, sai su murtuke fuska su yi ta zagin hafsan da ke gabansu, ko su yi maganar batsa. Shekaru bayan haka, in an nuna Cheyenne Autumn na 1964 a garuruwan Navajo, wurin da Turawa ke share hawaye nan su ke faɗuwa da dariya.

An fara gyara kaɗan kaɗan daga 1950, sa'ad da Broken Arrow ya nuna sarkin Apache, Cochise, mutum ne mai hankali da cika alkawari, ko da ya ke Bature ne ya fito a madadinsa, matar Apache da jarumin ya aura kuma sai da aka kashe ta kafin ƙarshe. A 1971 wani dattijo ɗan ƙasa daga Kanada, Dan George, ya shiga takarar kyautar Oscar saboda Little Big Man. A 1972 Sidney Poitier ya shirya Buck and the Preacher, a kan 'yantattun bayi masu ƙaura yamma. A 1973 Marlon Brando ya ƙi karɓar Oscar saboda wannan magana. Dances with Wolves na 1990 ya sa harshen Lakota na gaske, amma har wa yau Bature ne a tsakiyar labarin. Sai a 1998 aka sami Smoke Signals, wanda 'yan ƙasa suka rubuta, suka shirya, suka fito.

Akwai wata jama'a kuma da ba a cika tunawa da ita ba, watau Sinawa. Hanyar jirgin da ta haɗa gabas da yammacin Amurka, ɓangarenta mafi wuya, mai ratsa duwatsun Sierra Nevada, Sinawa fiye da 10,000 suka fasa shi da diga da albarushi, su ne kusan 9 cikin 10 na leburorin kamfanin Central Pacific. Ladansu bai kai na Turawa ba, su ke kuma ciyad da kansu, har suka yi yajin aiki a 1867. Ran 10 ga Mayu, 1869, aka haɗa hanyar a jihar Utah, aka ɗauki hoton nan mai suna na jirage biyu baki da baki da taron mutane suna musafaha. Da ƙyar mai dubawa zai sami Basine a ciki. A 1882 aka yi dokar hana su shiga ƙasar. A silima in an gan su, to, kuku ne ko mai wanki. A 2014 wani mai ɗaukar hoto, Corky Lee, ya tara jikokinsu a wurin ya sake ɗaukar hoton.

Wannan hali bai tsaya a Amurka ko a ƙarni na 19 ba. A kudu maso yammacin birnin Doha na ƙasar Katar akwai unguwar masana'antu, Larabawa suna ce mata Sana'iyya, titunanta lamba gare su maimakon suna. Nan ne masaukin leburori da direbobi da masu gadi daga Indiya da Nepal da Bangladesh, da kuma 'yan Afirka daga Kenya da Uganda da Gana da Nijeriya, cikin ƙasar da 'yan asalinta ba su wuce kamar 1 cikin 10 na mazaunanta ba. A 2015 aka buɗe musu rukunin gidaje mai ɗaukar mutum kusan 70,000, da kasuwa da filin wasa da gidan silima inda hotunan Indiya suka fi yawa. A lokacin gasar ƙwallon duniya ta 2022, a filin wannan unguwa aka kafa musu babban allo, suna kallon filayen da suka gina. Hotunan tallan birnin dogayen benaye su ke nunawa da bakin teku. Cikin 'yan hotunan da suka juya ido wajen ma'aikatan har suka kira sunayensu, akwai The Workers Cup na Adam Sobel, na 2017.

A komo kan ɗan kallo na Kano, don nan ne maganar ta fi nauyi. Sojan Lugard sun fasa ganuwar Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. A 1906 aka shafe Satiru. A Sakkwato mahaya ne masu mashi da takobi suka fuskanci bindiga mai ruwa. Ba a yi shekara 50 ba, ga jikokinsu zaune a benci suna tafa wa begila, suna dariyar mahaya masu kibiya da ke zubewa. Marubucin nan baƙar fata na Amurka, James Baldwin, ya faɗi irin wannan a wata muhawara a Kambirij a 1965: yana yaro yana goyon bayan Gary Cooper, sai daga baya ya farga cewa waɗanda a ke harbewa ɗin shi ne. Wata malama, JoEllen Shively, ta gwada abin, ta buga sakamakonsa a 1992. Ta nuna The Searchers ga maza 20 'yan ƙasa da maza 20 Turawa, ta tarar yawancinsu John Wayne su ke so, babu wanda ya ɗauki kansa Comanchen bango.

Kada mai karatu ya ce wauta ce. Babu mai biyan kuɗinsa don ya zama wanda aka kayar, hoton kuma an gina shi ne yadda ido ba shi da wurin tsayawa sai bayan jarumi. 'Yan ƙasar da Shively ta tambaya sun ce abin da ya ja su shi ne 'yancin mutum bisa dokinsa a fili, ba mai ba shi umurni. Talakan da ke ƙarƙashin Nasara da haraji da ɗan doka, shi ma abin da ya gani ke nan. Hukumomin mulkin mallaka sun lura da haka, shi ya sa suka riƙa yanke hotunan, wani lokaci har labarin ya watse, sai sukuwa da naushi suka rage. A garuruwan haƙar tagulla na Rodeshiya ta Arewa, wadda ta zama Zambiya, Hortense Powdermaker ta tarar a shekarun 1950 cewa kowane kaboyi Jack 'yan kallo ke kiransa, suna miƙewa suna naushin iska tare da shi. A Kinshasa samari marasa aiki suka kafa ƙungiyoyi suna kiran kansu Bill, da malafa da ɗankwali a wuya, suka zame wa 'yan sandan Beljiyam alaƙaƙai.

Amsa mafi kyau da aka ba siliman kaboyi a wannan yanki daga Nijar ta fito. A 1966 wani saurayi, Moustapha Alassane, wanda ya koyi aikin tare da Bafaranshen nan Jean Rouch a Yamai, ya shirya wani gajeren fim na kamar rabin awa, Le Retour d'un aventurier, watau komowar ɗan yawon duniya. Wani yaro ne ya dawo ƙauyensu daga Amurka da akwati cike da malafa da takalma da bindigogi, ya raba wa abokansa. Suka zub da sunayen da aka raɗa musu, wannan ya zama Black Cooper, wancan ya zama James Kelly. Tun da kaboyi ba ya yiwuwa sai da doki, suka sato dawaki. Tun da kuma babu Indiyawan daji a ƙauyen, sai iyayensu da maƙwabtansu suka zama abin hari: a kora dabbobin mutane, a wulakanta dattijo, a yi faɗa a wurin shan giya. Daga baya rikici ya shiga tsakaninsu, suka juya wa juna bindiga. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Alassane bai yi wa kowa wa'azi ba, ya bar abin ya zama wasa, ana kallon raƙuman dawa a inda aka saba ganin duwatsun Monument Valley, ana dariya har lokacin da gawa ta fara faɗuwa. Wani abokinsa, Serge Moati, ya ɗauki hoton yadda aka yi aikin, ya sa masa suna da Faransanci, ma'anarsa kaboyi baƙaƙe ne. Da niyyar ba'a aka sa sunan, amma ga tarihin Taksas ya fi hotunan Holiwud da yawa kusa da gaskiya.

A Kano kasuwar kaboyi ta ja baya ne tun kafin Amurka ta gyara halinta. Hotunan Indiya irin Mother India na 1957 sun kawo abin da Bahaushe ya fi ganewa, auren dole da biyayyar iyaye da zaluncin mai ba da bashi. Na Italiya irin Django na 1966 sun ɗan farfaɗo da bindiga da malafa, sa'an nan 'yan kokawar Sin suka zo a shekarun 1970, har aka kai 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya, Hausawa suka fara ganin kansu a kaset. Alassane ya koma Tawa da zama, ya ci gaba da yin hotunan zane da na 'yan tsana, ya rasu a 2015. Yarinya guda da ke cikin 'yan kaboyinsa, Zalika Souley, ita ta biya kuɗin abin fiye da kowa. Ta hau doki da wando ta riƙe bindiga, daga baya ta fito muguwar kishiya a wani fim na Oumarou Ganda, mutanen Yamai da yawa kuwa ba su raba ta da matar bango ba, suka riƙa zaginta a hanya. Rahmatou Keïta ta shirya fim a kan rayuwarta a 2004. Ta rasu a 2021.